Ɓarauniyar Baho

A bakin ruwanmu na Uhanya kowa ya san Dorsila Ajwang', wadda muke kira Nyar Sakwa. Shekara ashirin tana shanya omena, ƙananan kifin nan, kafin masu binciken asibiti su ɗauke ta aiki. Sunanta kawai ta iya rubutawa, shi ma sai ta zaro harshe. Amma in likitoci masu tabarau suka rasa mutum, wurinta suke zuwa.

Binciken na matan bakin ruwa ne masu shan maganin ƙanjamau. Ana duba su ko suna da ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Ita ma Dorsila tana shan maganin, a gaban kowa take haɗiye shi da kunun safe. Sauran matan kuwa, don tsoron bakin jama'a, sunan ƙarya suke bayarwa. Rabin sunayen da ke rajistar asibitin duk Meri ne.

Ran nan Sista Nekesa, nas ɗin binciken, ta kira ta.

"Nyar Sakwa, sakamakon wata Meri ya fito. Ciwo ya fara tsirowa. In an ƙone shi yanzu, ta tsira. Lambar wayar da ta bayar kuma ta wani mahauci ce."

"Wace Merin? Ta ranar Talata mai ɗaurin kai ja?"

"Ita."

"Ban riƙe fuskarta ba, 'yar nan. Na dai ga bahonta."

Matanmu kowace tana yi wa bahonta alama da fenti, don kada ya ɓace a turmutsutsun da ake yi in kwalekwale ya iso. Suna a canza, gari a canza, amma mace ba ta canza alamar bahonta. Na wannan Merin ɗigo uku ne shuɗi.

Kwana tara Dorsila tana bin bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye kamar wadda ta yar da allura. A Usenge ta gan shi, da hantsi, mata kusan hamsin a wurin. Ta san in ta ambaci asibiti, kafin azahar labari ya kai wa mijin matar. Sai kawai ta ɗauki bahon ta ɗora a ka, ta kama hanya.

"Ke tsohuwa, ina za ki da bahona?"

"Bahonki? Tun kina yoyon majina nake da shi."

Matar, wadda ainihin sunanta Sulumena Adoyo, ta biyo ta tana zagi, kasuwa na ihun ɓarauniya. Wani ya jefi Dorsila da kan kifi. Ba ta waiga ba sai da suka zagaya bayan coci, inda ba kowa. Nan ta sauke bahon.

"Ƙanwata, zagin ya isa. Meri ake nema a asibiti ranar Litinin. Abin ƙarami ne yanzu, baɗi ba ƙarami ba ne."

Adoyo ta ce, "To me zan ce wa waɗancan?"

"Ki ce kin ƙwace abinki."

Haka ta ce musu, ranar Litinin kuma ta je. Ita da bakinta ta ba ni labarin nan, bayan ta warke ta daina ɓoyewa. Amma 'yan Usenge ba su ji ba tukuna. Har yau in Nyar Sakwa ta sauka daga kwalekwale, mata sai su zauna a kan bahonsu. Ita kuwa ta gaishe su ɗaya ɗaya, tana leƙen fentin.