Igiya a Ƙafar Kaka

A gidanmu na Zongo akwai laifi ɗaya da Kaka Lami ba ta yafewa, shi ne dukan ƙasa. Ko'ina a Lome idan yaro ya faɗi ya fasa kuka, uwarsa kan sunkuya ta mari ƙasa ta ce, "Ita ta ka da kai? Ga shi na rama maka." Sai yaro ya yi shiru. A gidanmu kuwa duk wadda ta yi haka ta ja wa kanta faɗan yini guda. Kaka uwar babanmu ce, gajera mai kaurin murya, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ni take kira Maigida, tana tsokanata wai ba ta taɓa ganin miji marowaci irina ba, ko goro ban taɓa kawo mata ba.

Bayan magariba, musamman idan an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, mukan kewaye murhun gawayinta tana surfa waken gobe. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." Wadda ta ba mu a wata damina, ina ɗan shekara shida ko bakwai, har yau ba ta fita daga jikina ba.

Wata yarinya ce, Tasalla, mai saurin fushi. Ta ɗebo ruwa, ta yi tuntuɓe, tulu ya fashe. Ta zauna tana dukan ƙasa da tafin hannu tana cewa, "Ke kullum sai ja, sai ja! Wa ya ce ki riƙe ni? Sake ni!" Da gari ya waye Tasalla ta ji jikinta da sauƙi, har ta yi murna. Ta taka yashi, sawunta bai fito ba.

"Kashegari," in ji Kaka, ta rage murya, "da sauƙi. Kashegari kuma, da sauƙi."

Ta kai idan ta sha ruwa ba ya sauka cikinta. Idan ta yi kuka hawaye ba sa gangarowa, sai su taru a idonta su rufe mata gani. Uwarta ta ɗaure mata ƙafa da igiya a jikin turmi, tana lilo a sama da tsakar gida. Ran nan iska ta taso daga teku, igiya ta tsinke. Tasalla ta wuce rufin kwano, ta wuce kan kwakwa, tana kiran uwarta, muryar tana ƙanƙancewa har aka daina ji.

Yayata ta ce, "Ta mutu?"

"Ina! Wanda ya mutu ai ƙasa ke karɓarsa. Ita ba ta da mai karɓa. Tana can har yanzu." Kaka ta nuna sama da ludayi, babu wanda ya yarda ya ɗaga kai. Da na tashi shiga ɗaki, jan ƙafa na yi ta yi don kada in rabu da ƙasa ko da taku ɗaya.

Ba a jima ba, wata safiya bayan ruwan sama, Kaka ta zame a bakin famfo. Ni kaɗai ke wurin. Ta faɗi a kan ƙugunta, zafi ya gigita ta, ta ɗaga hannu ta mari ƙasa ta ce, "Ke kuma!" Ban gaya wa kowa ba, don ina ganin idan na faɗa ƙasa za ta ƙara ji.

Ƙashin ƙugu ya tsage, aka kwantar da ita. Masu dubiya suka yi ta shigowa, kowa ya ce da babana, "Yaya jikin tsohuwa?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Na sha jin wannan kalma a bakin manya ban taɓa kula ba, amma yanzu da muryar Kaka nake jin ta. Jiya da sauƙi, yau da sauƙi. Abin da ya ƙarasa ni, wata maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Duk gida aka amsa da amin! Na dubi fuskokinsu, na rasa wanda ke ƙaunar Kaka a cikinsu. Ga shi ta daina cin kirki, wuyan hannunta ya sirance. Da babana ya ɗaga ta za a sake shimfiɗa, na ji ya ce, "Mma, ai ba ki da nauyi ko kaɗan."

Da rana tana barci na kwance igiyar shanya, na ɗaure idon sawunta, na ɗaure ɗaya bakin a ƙafar gadon ƙarfe. Na rufe taga. Na zauna a ƙasa na riƙe igiyar ta tsakiya.

Ta farka ta dubi ƙafarta. "Maigida, kishi ne ya kai ka ɗaure ni? Ina zan je da wannan ƙugun?"

Na fashe da kuka na ce, "Kin daki ƙasa, na gan ki. Kuma kowa yana roƙo a ƙara miki sauƙi."

Ta yi dariya har ciwon ya katse ta. Sai ta dube ni, dariyar ta tafi. "Kama hannuna, kai shi ƙasa." Na kai. Ta shafa siminti a hankali ta ce, "Mun shirya ni da ita. Amma igiyar bar ta, ƙara mata ƙulli ma." Haka ta zauna da igiya a ƙafa har ta fara takawa, duk wanda ya tambaya ta ce maganin mijinta ne.

A lekol, makarantar boko, da na girma, malamin kimiyya ya ce ƙarfi huɗu ke riƙe da duniya. Ɗaya na lantarki da maganaɗisu, biyu suna aiki a can cikin ƙwayar zarra inda ido ba ya kai, na huɗu shi ne jan da kowane abu ke yi wa ɗan'uwansa. Gwargwadon girman abu gwargwadon jansa, gwargwadon nisa kuma gwargwadon raguwarsa. Shi ya hana watan sama ɓacewa, shi ke sauko da ruwan sama. Sai malamin ya ce wannan jan ne mafi rauni a cikin huɗun. Ya ɗora ɗan maganaɗisu kan ƙusa ya ɗaga ta. "Kun gani? Duniya gaba ɗaya tana ja, ɗan wannan ya ƙwace mata." Aji ya yi dariya, ni kuwa na riƙe benci. Ashe da haka ake riƙe da mu. Sai da ya ƙara da cewa raunin nan ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya sakin kowa, sannan na saki numfashi. Da na kai wa Kaka labarin ta ce, "To metir ɗinku, malamin nan, shi ma ya san riƙo ne."

Yanzu aikina hawa rufi ne, ina kafa faifan hasken rana a unguwannin Avédji da Cacavéli, kullum da igiya a ƙugu. Kaka ta rasu ina da 'ya'ya biyu. Ni da ƙanin babana muka shiga kabari muka karɓe ta. Na zaci ba zan ji komai a hannuna ba, don ta rame ƙwarai. Amma da aka miƙo ta sai na ji nauyinta ya zauna a damtsena, ƙasa tana jan ta a hankali, ba sassautawa. Duk yarintata tsoron da nake yi kada ƙasa ta sake ta. Ranar nan ni ne na kasa saki, har sai da baffana ya taɓa kafaɗata ya ce, "Maigida, sake ta. Akwai mai karɓa."