Malam Ummaru da Akwatunan Ban Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa a nan Jamus, Alhaji Shehu mai sayar da kayan famfo ya kira ni daga Jega. Yayansa, Malam Ummaru, ya rasu bayan asuba.

Ba zan yi ƙarya don ya mutu ba. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan.

Shi ya koya mini rubuta kod, wato umarnin da ake ba kwamfuta, a jami'ar Aliero. Shi ne kuma ya ƙi sa mini hannu a takardar shaida lokacin da na fara samun hanyar fita waje. Damar ta wuce, na zauna gida ina kallon 'yan ajinmu suna tafiya. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Yaro, aikinka na da kyau in ana kallo nai. Mi yaka yi in an juya baya?"

Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce: kompaila ita ce manhajar da ke mayar da abin da muka rubuta zuwa abin da na'ura ke ganewa. In ka haɗa aiki a yanayin dibog, wato na gwaji, tana bin kowane layi, na'urar kuma tana ba ka labarin duk abin da take yi. In ka kashe dibog ka ce ta ƙara sauri, sai ta zubar da duk abin da ka ajiye don gwaji. Abin da ta ga ba ya canzawa kuma, ta ɗauke shi tabbatacce, ta daina dubawa. Ni a lokacin a dibog kaɗai nake gwada aikina.

Malam yana da gaskiya. Har yau ina ganin ya tsananta, amma yana da gaskiya.

Shi ne dai mutumin da ya ba ni aron laftof ɗinsa har na gama makaranta, shi yana koyarwa da alli. In ya ɗauko ni a babur daga Jega, sai ya tsaya ya saya mini ƙosai yana faɗa wai na rame.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, a shagon Alhaji Shehu. Ya nuna mini ƙananan akwatunan da ya ƙera wa manoman albasa masu famfon sola. Aikin akwatin ɗaya ne: in ruwan rijiya ya ja baya, ya kashe famfo kafin ya ƙone. Ya ce, "Ku can kuna rubuta ma banki. Ni albasa ta ishe ni." Muka yi dariya. Ban ce na yafe ba, shi ma bai nema ba.

Makon jiya ya kira ni. Famfon wani manomi ya ƙone a Kashin Zama, alhali da sabon akwati a jikinsa. Ya ce, "Wanga abu, bisa tebur yana jin magana, in ya tahi gona sai gardama. Duba min, idanuna sun gaji."

Tun da na san shi bai taɓa cewa in duba masa komi ba.

Jiya na gano matsalar a cikin kod ɗin akwatin da ya turo mini. Layin da ke auna ruwa ya faɗa cikin sashen dibog, kusa da wanda ke nuna sakamako a allo. A tebur komi lafiya. Da ya haɗa na gona da saitin sauri, kompaila ta cire awon, ta ga ba abin da ke canza "akwai ruwa", sai ta cire umarnin kashe famfon ma. Akwatin yana nan da fitilarsa a kunne, ba ya gadin komi.

Kuskuren da ya tsayar da ni a kansa ke nan. Na yi niyyar kiransa yau in mayar masa da maganarsa, in ji abin da zai ce. Na san ma dariya zai yi, ya ce to ai karatun ya shiga.

Yanzu ga roƙona. Duk wanda ya karɓi sabon akwatin Malam a bana, a Jiga Birni, Kashin Zama ko wajen Maiyama, kada ya kunna famfo ya tafi. Ya tsaya a kai, in ruwa ya fara yankewa ya kashe da hannu. Tsofaffin akwatunan lafiyarsu ƙalau. Na tura wa Alhaji Shehu gyaran, bayan an share makoki a kai masa sababbin akwatunan shago. Na gwada shi a dibog, na gwada shi a saitin sauri, yadda aka koya mini.

Masu rubuta yabo yau, da yawanku ba ku taɓa leƙa shi ba da yana nema wa aikin nan tallafi. Ban hana ku ba. Amma ku tura saƙon nan ga manomi ɗaya, zai fi masa amfani.

Malam, na yafe. Allah ya sa kai ma ka yafe mini.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowace gona da akwatinsa ya tsare ta zame masa sadaka mai gudana. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.