Ranar da Baba Ya Mallaki Layinmu Gaba Ɗaya

Ko na manta komai na zamanmu a bayan unguwar Ka'akiyya, can ƙasa mai tsarki, ba zan manta shekarar da aka zo jawo mana ruwan famfo ba, lokacin da bakin Baba ya kusa raba mu da gidanmu.

Layinmu ɗan ƙarami ne a gindin dutse, kusan dukanmu jikokin alhazai ne da suka zo daga Kano da Sakkwato suka zauna. Tun tasowata ruwan wayit muke saye, wato tankar ruwa, ranar da ba ta zo ba kuwa sai wanki ya jira. Da aka ce za a shimfiɗo bututu har ƙofarmu, kowane mai gida kuma zai biya kason da za a yanka masa gwargwadon filinsa, murna ba a magana.

Mahaifina shi ne dattijon layin, kowa Baba yake ce masa. Shi ke raɗa wa jarirai suna, shi ke sasanta ma'aurata. Ranar da ma'aikacin awo ya zo, ya tarar da shi a kan tabarma, ya tambaye shi da Larabci ina gidansa ya fara, ina ya tsaya. Baba ya ɗaga sanda ya nuna tun daga bakin layi har ƙarshe, ya ce duk gidansa ne, duk 'ya'yansa ne. Bahaushe yana jin wannan ya san inda aka dosa. Shi kuwa bawan Allah ya yi godiya, ya rubuta abin da ya ji.

Sai ga saƙo a waya, kason layi duka a kan Baba shi kaɗai. Ko gidan muka sayar da ƙyar ya biya. Ni da bakina ba ya shiru, ranar na faɗi maganganu har Inna ta kore ni daga ɗakin. Da muka ɗaukaka ƙara, aka ce abu mai sauƙi ne: kowa ya kawo sakk ɗinsa, takardar mallakar gida ke nan, Baba kuma ya tsaya gaban kwamiti ya ce sauran gidajen ba nasa ba ne.

Nan fa ake yin ta. Baba ya ce atafau.

"Ni na binne iyayen yaran nan," ya ce mini. "Da bakina zan ce ba nawa ba ne? Wallahi gara a sayar."

A lokacin taurin kai na gani. Sai yanzu na gane, ban da mu 'ya'yansa ba shi da sauran dangin jini a ƙasar nan, layin ne danginsa.

Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ita ta bi gida-gida ta tara masu gidajen. Ta ce da Baba idan bai je ba, ita ma ba ta son ruwan. Yayana, wanda ke tuƙa alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa, ya aro bas ya kwashe mu kamar masu rakiyar amarya.

Shugaban kwamitin wani mai furfura ne. Ya duba takardun, ya dubi Baba.

"Ya ammi," ya ce, wato baffa da Larabci, "gidajen nan naka ne ko ba naka ba?"

Baba ya yi shiru har na ce shi ke nan, gida ya tafi. Can ya gyara zama.

"Ƙasa da bango nasu ne, ka rubuta haka. Mutanen da ke ciki kuwa, igiyar awonka ba ta kai nan ba."

Mutumin ya yi dariya har ya cire gilashinsa, ya ce shi dama ƙasa da bango aka aiko shi ya auna. Aka raba kason, kowa ya ɗauki nasa. Ni da na fi kowa surutu, ni na fara kuka.

Kafin azumi ruwa ya iso layinmu. Abin da na koya kuwa shi ne, na so Baba ya ceci gida ko da zai saki mutane, shi ya so ya riƙe mutane ko da gida zai tafi, ashe akwai maganar da ke riƙe duka biyun idan mutum ya yi haƙuri ya nemo ta. Tun daga nan, in raina ya ɓaci, nakan ɗan yi shirun Baba kafin in buɗe baki.