Hoton da Halliru Bai Yanka Ba

Halliru taubashina ne, don haka ina da bakin faɗar gaskiya a kansa. Mutum ne mai baƙin taurin kai da tsoron Allah. A tashar Kazaure yake zane a jikin manyan motoci tun ana murnar samun 'yancin kai: zaki, doki, ɗawisu, duk abin da direba ya ce.

Amma fa yana da doka. Duk abu mai rai da ya zana sai ya ja masa siririn jan layi a wuya. Yanka yake ce wa layin. Wai malaminsa na Roni ya gaya masa ranar ƙiyama za a ce wa mai zane ya hura rai a abin da ya zana, amma in yankakke ne babu wannan tambayar. Nakan ce masa duk Kazaure babu mahauci irinsa, har zaki yake yankawa. Ko a jikinsa.

Ɗansa ɗaya ne, Mamuda. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Aka gama yaƙi, wasu suka dawo, wasu aka aiko da labarin rasuwarsu, shi kuwa shiru. Uwarsa Fatu, wadda don kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, kullum sai ta zuba tuwon "yaron nan" ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama ta bayar sadaka. Shekara da shekaru! Halliru ya sayar da kekensa ya bi barikoki har Kaduna, ga shi ko hoton yaron ba shi da shi balle ya nuna.

Da kuɗin man fetur suka fara shigowa, wani malamin makaranta, Malam Julius, ya kama tsohon kanti kusa da tasha, ya shafe shi da farar ƙasa, wai ɗakin nuna zane. Ya ce ranar buɗewa baƙi za su zo daga Kano, har da hafsoshin soja. Kalmar soja kawai Halliru ya ji.

Ya samo allon katako ya zana ɗansa daga ka. Wushiryar, tabon gira inda jaki ya taɓa harbinsa, komai. Wallahi kamar ka yi masa sallama ya amsa. Na same shi a gaban hoton, riƙe da burushin jan fenti.

Ya ce, "Taubashi, in ban yanka ba, me zan ce wa Ubangiji? In na yanka, me zan ce wa uwarsa?"

Ranar ban tsokane shi ba. Can ya ajiye burushin ya ce, "A tambaye ni. Na ɗauka." Aka rataye hoton da wuyansa lafiyayye, ko a cikin sojojin a dace da wanda zai gane fuskar.

Sai Kawu! Kawu maigadin ɗakin ne, tsoho mai ƙaunar Halliru kamar me. Ranar buɗewa, yana sharar safe ya ga wuya babu layi, ya tabbata mantuwa ce, ya ce ba zai bari bawan Allah ya shiga uku a lahira ba. Ya tsoma burushi ya ja. Hannun tsoho, fenti ya yi yawa, ya gangaro har ƙirjin yaron. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma na rasa wanda zan zaga.

Baƙi suka shigo, mu ma muka shigo da Fatu cikin zanenta na fita unguwa. Wani hafsa ya tsaya gaban hoton, ya cire hula, ya ce, "Allah ya jiƙansa, Baba. A wane gari aka yi masa haka?"

Halliru ya ce, "Yana da rai! Ranka ya daɗe, fuskar za ka duba, fuskar!" Ya sa babban yatsa yana goge layin, jan yana ƙara bazuwa. Mutane sai ta'aziyya suke yi masa suna wucewa. Babu wanda ya dubi wushiryar.

Fatu ta matso, ta daɗe tana kallo. Sannan a gaban jama'a, a gaban mijinta, ta buɗe baki ta ce, "Mamuda."

Da yamma na leƙa gidan. Ta tuƙa tuwo kamar kullum, ta kwashe a kwano biyu, nata da na Halliru. Faifan yana rataye a bango.