Filin da na ƙi saya da rani

Jiya na tsaya a bakin filin da aka matsa mini in saya a Gashuwa, sai ga masunci a tsakiyarsa cikin kwalekwale yana jefa raga!

Da rani dillali ya kai ni wurin. Sayen filina na farko ke nan, ina so in gina ɗakunan haya na ɗalibai. Wuri shimfiɗe, gwanin sha'awa. Amma ƙasar baƙa ce, duk ta tsattsage kamar ta fadama.

Na ce, "Malam, sai na ga filin nan da damina."

Ya yi dariya. "Hajiya, wa ke jiran ruwan sama a harkar fili? Dama ku mata ba ku da zuciyar wannan sana'ar."

Na ce, "To, sayar wa mai zuciya."

Har yayana ya bugo waya daga Nguru yana faɗa, wai tsoro zai hana ni arziki.

Jiyan nan na tura musu hoton masuncin, su biyun.

Fili kam zan saya, in sha Allahu, amma ba zan ɗauki gumina in saya wa kifi gida ba. Ku fa, a wane wata kuka je duba naku?