Jurandir Bango, Mai Mayar da Ƙwallo

A kulob ɗin masu hali na Ribeirão Preto, can gefen gari inda gonakin rake suka fara, akwai wani aiki wanda in babu shi, wasan tanis ɗin manyan gari sai ya zama abin dariya. Aikin mai mayar da ƙwallo ke nan. Likita ko lauya ya taso daga ofis da tumbinsa da sabon raket, yana son ya yi gumi, kuma yana son a ce ya iya. Sai a tsayar masa da wani a ɗaya gefen raga. Duk inda ya wurga ƙwallon, ko sama ko jikin wayar shinge, wannan bawan Allah zai bi ta da gudu ya dawo masa da ita daidai ƙugu, a hannun da ya fi so, ba ƙarfi ba sanyi. In mai gida ya buga ta fita, kai ne za ka ɗaga hannu ka ce, "Laifina ne, Dokta, ban ba ka ita da kyau ba."

A wannan aiki ba a taɓa yin kamar Jurandir Peixoto, wanda ake kira Jura, ba, kuma duk wanda ya ce an yi, bai gan shi ba ne.

Uwarsa, Dona Zuleide, ita ke wanke tawul da fararen kayan 'yan kulob. Ubansa ya bi motar masu saran rake zuwa wata jiha tun Jura yana rarrafe, shi ke nan labarinsa. A unguwar bayan kulob ta raine shi, inda tokar ganyen rake da ake ƙonewa ke sauka a kan shanya, ta sa mace ta sake wankin da ta gama. Da ya ɗan tasa aka ɗauke shi tsintar ƙwallo. In rana ta take, masu kuɗi sun tafi cin abinci, sai ya ɗauki katakon akwatin lemo ya yi ta bugawa a jikin katanga. Seu Anacleto, tsohon da ke shayar da jar ƙasar filin yana jan tabarmar share ta, shi ya fara lura da shi. Mutum ne mai baki kamar reza, amma shi ya tsinto masa raket ɗin farko, wani karyayye, ya ɗaure karayar da waya.

Jura bai kai saurayi sosai ba aka mayar da shi mai mayar da ƙwallo. Ba ya kuskure. Sai a yi ta bugu har mai bugun ya riƙe gwiwa yana haki, ƙwallon na dawowa wuri ɗaya kamar an auna da igiya. Nan ya samu sunan Bango.

Cikin 'yan kulob akwai Dokta Heitor, likitan ido. A faɗi gaskiya, mutumin kirki ne. Shi ya cire wa Dona Zuleide yanar ido bai karɓi komai ba, shi ke ba Jura takalman da ya gaji da su. Wata rana ya kamo hannun ƙaramin ɗansa Tavinho ya kawo shi fili, ya ce, "Jura, ga shi nan, amana." Daga ranar, kowace yamma, shekara da shekaru, Jura na aika wa yaron ƙwallo gefen dama, daidai ƙugu, har hannun yaron ya zama bulala.

Anacleto ne ya dame shi da zancen gasa. "Kai, za ka tsufa kana ba ƙatti abinci a baki? Je ka gwada da waɗanda ba za su ce maka sannu ba!"

Ya gwada, ya ci ta gari, ya ci ta jiha. A shekarun da wasu ke tunanin ajiye raket, shi a lokacin ya zama ɗan wasan sana'a. Ba jirgi, ba mai horarwa. Bas yake hawa zuwa Asunción, zuwa Córdoba, zuwa Santa Cruz, gwiwarsa na dukan kujerar gaba, da gwangwanin soyayyen garin rogo da uwarsa ta cika masa. Da kansa yake saƙa zaren raket ɗinsa, da kansa yake wanki a bahon masauki. Sunansa ya shiga sahun 'yan wasan duniya, can ƙasa inda ido ke gajiya kafin ya kai, amma dai ya shiga, kuma a unguwarmu sai da aka gasa nama aka kunna kiɗa.

Sai dai akwai abin da ya hana shi hawa. Yana hana abokin karawa ci, amma shi ba ya kashewa. In ya dawo gida Anacleto ya tare shi da tiyo a hannu. "Bango! Bango ba ya cin wasa, sai dai mai jifa ya gaji. Ranar da ka haɗu da wanda ba ya gajiya fa?"

Ranar ta zo har gida. Wani kamfanin lemon kwalba ya shirya gasa a kulob ɗin, ya ce wanda ya ci zai kai shi Turai kakar wasa guda, da tikiti da masauki da mai horarwa. Jura ya doshi talatin, kafaɗarsa ta fara magana da safe. Shi ma ya sani, kowa ma ya sani, in wannan ƙofa ta rufe babu wata. Ya bi zagaye bayan zagaye har ya kai wasan ƙarshe. A ɗaya ɓangaren kuma wanda ya fito shi ne Tavinho, ya zama dogon saurayi, gashi har kafaɗa.

Da safen ranar, fararen kayansu su biyun suna rataye a igiya ɗaya a tsakar gidan Dona Zuleide. Tana guga, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka dai tuna da idon da nake ganinka da shi."

"Mama, wannan wasa ne, ba zumunci ba."

"Ni ban ce komai ba. Sha kofinka kada ya huce."

A bakin fili Anacleto ya ja shi gefe ya dangware masa ƙeya. "Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Hagunsa ruɓaɓɓe ne, kai ka san haka, don ba ka taɓa ba shi ita a can ba. Can za ka yi ta zubawa."

Rana ta yi zafi har ƙasar filin na ƙamshin bulo. 'Yan kulob suna inuwar baranda da kofunan giya mai sanyi. Masu wanki, masu dafa abinci da masu gadi suna bayan waya, wasu a kan bokiti. Jura ya bi maganar tsoho, hagu, hagu, hagu, har yaron ya fara zagin raket ɗinsa. Aka ja, aka ja, wannan ya ci zubi ɗaya wancan ya rama. Can da la'asar sai ga shi saura maki ɗaya tal Jura ya tafi Turai.

Ya kora Tavinho can kusurwar dama, yaron ya zame a ƙasa, ya dai samu ya taɓo ƙwallon da ƙyar. Ta taso sama a hankali, ta sauka gaban Jura kusa da raga. Gefen hagu kuwa wayam, ko akuya aka kora ta nan za ta wuce. Jura ya gani. Ya rantse har ya tsufa cewa ya gani, kuma zuciyarsa can ta nufa. Amma ido ya hango yaron nan yana miƙewa da jar ƙasa a gwiwa, kamar dubban yammacin da suka wuce, hannu kuma ya yi abin da aka biya shi ya yi tun yana yaro. Ya ɗora masa ita a dama, daidai ƙugu, ba ƙarfi ba sanyi.

Tavinho ya zabga mata bulala, ta wuce ta gefen Jura kamar harsashi.

Kaico! Bayan waya wata mai dafa abinci ta ɗora hannu a ka. Daga nan Jura bai ƙara zama mutum ba a filin. Ƙafa ta yi nauyi, ido na kan hannun nan nasa kamar na wani ne aka ara masa. Kafin inuwa ta rufe filin an gama da shi.

Rashin wasan ciwo ne, amma abin da ya biyo baya ya fi. Dokta Heitor ya sauko daga baranda da hawaye, ya rungume shi a gaban kowa, ya ce masa a kunne, "Na gani, ɗana. Na ga abin da ka yi. Ba zan manta ba."

"Dokta, ba haka ba ne, na rantse..."

"Yi shiru, Jura. Na san ka."

Ya nufi wurin Anacleto, tsohon na naɗe tiyo bai ko kalle shi ba. "Da ka gaya min kyauta za ka bayar, da ban ɓata yawuna ba. Je ka, bawan gida." Jura ya bi shi har rumfar kaya yana rantsuwa da Allah da kabarin kakarsa. A banza. Anacleto ya rasu bayan 'yan shekaru, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Haka gari ya rabu biyu a kansa. Na baranda na cewa ɗan halak ne, na bayan waya na cewa ya sayar da su. Ba a samu mutum ɗaya da ya yarda cewa ya so ya ci, ya so har cikin ƙashinsa, hannu ne ya ci amanarsa. Duk wanda ya tayar da zancen a shagon ruwan rake, sai Jura ya miƙe tsaye ya kwatanta, ga inda na tsaya, ga inda ƙwallon ta sauka. Su yi murmushi su ce, "To, Bango, mun ji."

Tavinho ya je Turai, ya yi abin da ya yi, sanyi da kaɗaici suka ishe shi, ya dawo ya karanta aikin lauya. Jura ya ɗan ƙara hawa bas har kafaɗar ta ƙi gaba ɗaya, sannan ya koma kulob. Dokta ya cika alkawari, ya sa aka ba shi shugabancin masu mayar da ƙwallo, da riga mai sunansa a ƙirji. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba. Furfura ta fito masa a filin nan, kuma bai daina musanta zancen ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Dona Zuleide, shi ke jinyarta. Wata yamma yana ba ta romon kaza a cokali, ta kawar da kai, ta kamo hannunsa na dama ta riƙe da nata biyun, waɗanda sabulu ya cinye.

"Jura, ban bar maka komai ba. Amma duk matar da ta yi min gori a unguwar nan, sai in ce a raina, ni dai na haifi ɗan da bai manta alheri ba. Ranar nan da ka bar wa ɗan Dokta, na je coci na kunna kyandir, na yi kukan daɗi." Ta ja numfashi da ƙyar. "Amma kullum sai in ji kana ce wa mutane kuskure ne. Gaya min gaskiya tun ina ji. Da gangan ka bar masa, ko ba haka ba?"

Ya dubi fuskarta, ta zuba masa ido tana jira. Maganar da ya shekara ashirin yana rantsuwa a kanta, yau sai ya ajiye ta gefe.

"Da gangan ne, Mama."

"Na sani," in ji ta, ta lumshe ido tana murmushi. "Ai na sani."

Ya ajiye kwanon, ya fita bayan ɗaki inda ba za ta ji shi ba. Daga ranar, duk wanda ya ce Bango ya ba da wasan nan kyauta, Jura bai ƙara buɗe baki ya musa ba.