Hoton Tarwaɗar Rani

Ni dai a bakin banda na tashi, a ƙauyenmu da ke gabas da Haɗeja, kan hanyar Guri. Uwata ta yi bandar kifi, ni ma na yi, har hayaƙi ya cinye mini rabin gani. A zamaninmu ba a talla da nisa. Mai saye zai tsuguna gaban kwando, ya ɗauki kifi ya shinshina, ya karya wutsiya ya ji ƙararta. In ta yi masa, ya saya.

To, ana nan, sai jikata ta gama karatu ta dawo gida da waya mai faɗin tafin hannu. Lokacin rani ne, ruwa ya janye, kifi ya taru a tafkuna, masunta na kawo tarwaɗa manya-manya. Ta ce, "Iya, kifinki ya fi ƙarfin kasuwar ƙauye. Bari in kai shi Kano ba tare da kin taka mota ba."

Na ce, "Ja'ira, a ka za ki ɗauka?"

Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta jera tarwaɗa, ta ɗauki hoto. Ta shafa wani abu a wayar, kifin ya yi ja yana sheƙi kamar an zuba masa man shanu. Ta tura wa wani zaure na mata da ke cikin wayar. Gaskiya ta yi aiki. Kafin wata ya mutu muna ɗaure kwali muna bai wa direba. Cikin masu sayen akwai wata Hajiya a Kano, wadda ban taɓa gani ba sai muryarta. Ita ta jawo mana sauran matan, don duk abin da ta yaba, shi suke saye.

Damina ta sauka. Kogi ya cika ya malale fadama, kifi ya watse cikin kachalla, wannan doguwar ciyawar da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Itace ya jiƙe. Abin da masunta ke samu sai 'yan karfasa da ƙurungu. Kowa a nan ya san haka shekara take, ba mai tambayar babbar tarwaɗa ruwa na cike. Ni kuwa ban san jikata tana ta ɗora hoton nan na rani ba, wai don kada mata su manta da mu.

Sai ga muryar Hajiya wata safiya. 'Yarta ta kusa sauka, haihuwar fari. Tana son kwali guda na kifin farfesun mai jego, irin wanda ta gani a hoton jiya, ba wani ba.

Jikata ta ajiye wayar. Ta ce, "Iya, akwai masu kiwon tarwaɗa a cikin gari. Mu saya mu yi banda. A ido ai ɗaya ne."

Na ce, "A tukunya fa? Na kiwo yana shiga ruwan zafi yake saki, kitse ya taso. Mai jego ce za ta sha."

"To in muka ce babu, ta tafi, duk su bi ta. Iya, ni na tara matan nan."

Na ga idonta ya kawo ruwa. Aikinta ne na fari a duniya, kuma ban da ita da kifina bai wuce bakin kogi ba. Kaji na ta tono a gindin banda.

Sai ta ɗago. Ta ce, "Tashi mu je bakin ruwa. Ke za ki faɗa musu, ni in ɗauka. Amma kada ki yi mini tatsuniya."

Muka je. Ta saita wayar a fuskata. Na yi sallama, na gaishe su da kwana, da gajiya, da yara, da ruwa, na tsaya jiran amsa.

"Iya, wa kike jira? Ba kowa a ciki!"

"To da wa nake magana, 'yar nema?"

Ta yi dariya har wayar na rawa. Muka sake. Na nuna musu ruwa ya shanye gonakin shinkafa har gindin giginya. Na ɗaga karfasa guda, tsawon yatsana da kaɗan. Na ce hoton da suke gani na rani ne, yanzu ga abin da Allah ya ba mu, tarwaɗa sai ruwa ya koma gida. Ta tura shi haka, ba ta shafa masa komai ba. Gaisuwar ce kawai ta rage mini rabi.

Hajiya ba ta amsa ba. Daga baya muka ji ta sayi kifin jegonta a wani wuri. Wasu matan suka yi shiru su ma. Kaɗan suka ce a aiko da ƙurungun su gwada a miyar kuka. Haka muka ci daminar, banda na ci rabi-rabi, jikata na duba waya tana ajiyewa. Amma ta daina ɗora tsohon hoto. Abin da ya sauka daga banda ranar, shi take ɗauka, ko da baƙi ne.

Da kaka ta wuce, ruwa ya fara ja, masunta suka kawo tarwaɗar fari. Ban gama feɗe ta ba jikata ta ɗauke ta a waya tana motsi a kwarya, ta tura. Kafin azahar wayar ta yi kuka. Muryar Hajiya ce.

Ta ce, "Ki ba ni tsohuwar nan mai gaisuwa. Mama, na ga ruwanku ya koma gida. Kwalin farko nawa ne, kada ki ba kowa."

Na ce, "Hajiya, ai mai jego ta daɗe da gama wanka."

Ta ce, "Tana shayarwa. Ki aiko."

Jikata ta ruga neman igiya, ni kuma na ƙara itace a banda.